Sunan da Aka Goge a Hoton Jar Duniya

Kowa a gidansu Yaya yake ce mata, har mahaifiyarsu, don ita ce ta fari kuma ita ta goyi sauran. A asibitin da take aikin ɗaukar hoton ƙashi ba a san ta da surutu ba. Za ta kwantar da mutum, ta gyara masa kafaɗa, ta ce ya riƙe numfashi, ta koma bayan gilashi ta danna. Mijinta, wanda ake kira Dogo, ma'aikacin gidan ruwa ne, shi ke kula da injinan turo ruwa cikin gari. Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da suka ɗauka kamar ɗa, a ɗan ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen falonsu, shi ne hotunan duniyar Mars, wadda Dogo ba ya kira sai Jar Duniya.

Shi ya fara kamuwa da abin. Akwai wata na'ura mai taya shida da masana suka aika can, tana rarrafe tsakanin duwatsu tana ɗaukar hotuna, masu ita kuma suna zuba su a intanet kyauta ga duk mai so. Saboda sanyin tafiyarta Dogo ya sa mata suna Kunkuru. A saman wuyanta akwai kyamara biyu a jere kamar idanun mutum, kowace tana ɗaukar wuri ɗaya ta ɓangarenta. In ka rina hoton hagu da ja, na dama da shuɗi, ka ɗora su kan juna, sannan ka sa tabarau na kwali mai ido ɗaya ja ɗaya shuɗi, sai allon kwamfuta ya buɗe kamar taga. Dutse ya taso maka, kwari ya zurma, ka ga sawun tayar Kunkuru ya miƙe ya yi nisa har ya ɓace bayan tudu.

Dogo ke zaɓen hotuna, Yaya ke daidaita su, don idonta ya saba da inuwa da fari. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yana iya sa wa mai kallo ciwon kai, ita kuwa ba ta yin sa. In sun gama, Dogo ya raɗa wa wurin suna. Akwai wani tudu mai goshi a tamke da ya kira Tudun Yaya, wai haka take kallonsa in ya shigo mata da takalmi kan tabarma. A kusurwar kowane hoto, da ƙananan baƙaƙe, yakan rubuta: Dogo da Yaya.

Ranakun hutu ƙaninta Auta kan zo. Malamin kimiyya ne a wata babbar makarantar kuɗi, kuma Allah ya yi masa baki. In yana magana sai ka manta shayinka ya huce. Zai ɗauki tabarau ya maƙala, ya matso da fuska, ya yi ta salati yana miƙa hannu kamar zai taɓa dutsen. Yaya takan kawar da kai ta shiga kicin, don ta san ba abin da yake gani. Tun yana ƙarami idonsa na hagu rago ne. Ita ta riƙa kai shi wurin likita, ita ta riƙa liƙa masa auduga a lafiyayyen idon don a tilasta wa ragon aiki, shi kuma yana ɓallewa yana yarwa a hanya saboda tsokanar yara. Ya girma ido biyu garau a fuska, amma da ɗaya yake kallon duniya. Zurfin irin wannan hoto kuwa sai da ido biyu. Daga ita sai Mama suka san wannan. Ko matar da ya aura bai gaya mata ba.

Dogo ya faɗi a wurin aiki wata safiya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan an watse daga zaman makoki, Auta ya zo ya zauna gefenta ya ce ta ba shi ma'ajiyar kwamfuta da hotunan ke ciki ya kwafe, kada wata rana ta lalace a yi asarar aikin marigayi. Ta ga ya yi tunani mai kyau, har ta sa masa albarka. Ita a lokacin ko ƙofar ɗakin ba ta iya buɗewa.

Watanni suka shuɗe. Wata rana tana cire rigar aiki, wata abokiyar aikinta ta miƙo mata waya tana murna, wai ga ƙaninta a talabijin. Yaya ta karɓa. Auta ne cikin kwat, tabarau na kwali a goshi, yana bayani a gaban babban allo. Ta gane hoton tun kafin ta gane muryarsa. Ranar da suka haɗa shi Dogo yana fama da mura, yana atishawa tana korarsa daga gaban kwamfuta. An yanke gefen hoton na ƙasa, daidai inda sunan yake. Auta yana cewa shekaru ya yi yana wannan aiki shi kaɗai, ba mai taimako, ba mai ƙarfafa masa gwiwa. Da aka zo kan Tudun Yaya, sai ta ji ya kira shi da sunan mai makarantarsu.

Ta mayar da wayar ta ce madalla. Ba ta tsaya gida ba, gidansa ta wuce.

Bai ma ji kunya ba. Ya ce hotunan ai na kowa ne, a intanet suke, ba Dogo ya je can ya ɗauko ba. Ya ce shi ya fitar da su daga ƙuryar ɗaki ya kai su inda yara za su amfana, kuma da marigayi yana raye da ya yi murna. Ta ce ba ta hana a amfana ba, sunan take tambaya.

"Yaya, suna me zai yi wa wanda ke kabari? Ke kuma, tsakani da Allah, ba danna maɓalli kawai kike yi ba, nan da can asibitin?"

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai ya hau gyaran agogon hannunsa. Ta ɗauki jakarta ta fita, matarsa na kiranta ta tsaya ta sha ruwa, ba ta waiwayo ba.

Ta kai ƙara wurin Mama. Mama ta saurare ta tana murza carbi, sannan ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, yaro ne, neman abincinsa yake, ta bar shi. Yaron da ya fara furfura a gemu. Yaya ta tuna cewa tun suna ƙanana haka ne, in ya fasa kofi ita ke shan faɗa don ba ta kula da shi ba. Ta ce to, ta tashi. Daga ranar ba wanda ya sake jin maganar a bakinta, har Mama ta riƙa yaba haƙurinta a gaban dangi. Ita kuwa ta ciki na ciki. Tana kwantar da marasa lafiya tana jin muryarsa, danna maɓalli, danna maɓalli.

Ba ta nemi hanya ba, hanyar ce ta zo har gida. Auta ya yi sallama wata Asabar da ledar lemo a hannu, ya durƙusa ya gaishe ta kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Bayan kewaye-kewaye ya fito da abin da ya kawo shi. Mai makarantar zai buɗe cibiyar kimiyya, ana so a ba shi shugabancinta, za a yi babban taro a zauren ɗakin karatu na gari, iyaye da manyan ofishin ilimi duk za su zo. Shi kuma ya riga ya yi alkawarin sababbin hotuna daga inda Kunkuru ta kai yanzu, can saman tudu. Ya ce aiki ya yi masa yawa ne, shi ya sa. Ta san ya gwada ya kasa, don mai ido ɗaya ba ya daidaita abin da ba ya gani.

Ta tambaye shi ko za a sa sunan Dogo. Ya ce wannan karon abin ya riga ya yi nisa, an buga takardun gayyata, amma nan gaba za a duba.

"To, zan yi maka," in ji ta.

Ya tafi yana ta godiya, yana cewa dama ya san Yayarsa ba ta da riƙo.

Washegari da hantsi ta buɗe ɗakin. Kujerar Dogo na nan da matashin da ya lotsa, tabarau biyu a kan tebur sun yi ƙura. Ta goge nata, ta bar nasa yadda yake. Da ta shiga intanet ta ga Kunkuru ta yi nisa ƙwarai tun rabonta da ita. Ta hau inda Dogo ya yi ta fatan ya ga ta hau, wurin da duwatsu suka jeru fale-fale kamar an tara faranti. Ta haɗa na farko ta sa tabarau. Gangaren ya buɗe a gabanta har ta riƙe bakin tebur, ta ga ƙananan tsakuwa kowace da inuwarta, ta ga bakin kwarin can nesa cikin hazo. Ta juya za ta ce Dogo zo ka gani. Nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar. Da ta gama ta wanke fuska ta zauna aiki.

Na farkon duka ta yi su da gaske, ba ta taɓa yin masu kyansu ba. Sannan ta yi uku na ƙarshe. A ɗaya ta ɗauki hoton kyamara guda ta ɗora shi sau biyu, ta ɗan gusar da shi don ja da shuɗi su fito a gefen duwatsu kamar na sauran, amma a cikin tabarau shafe yake kamar bango. A na biyu ta musanya hagu da dama, yadda na kusa zai koma nesa, tudu ya zama rami. Na uku Tudun Yaya ne, an hango shi daga sama, da faffaɗan sarari fari a kansa. A kan sararin ta yi rubutu da shuɗi mai haske. Ta gilashin shuɗi, wato idon dama, rubutun ɓacewa yake. Ta gilashin ja, idon hagu, baƙi ƙirin yake fitowa. Ta rufe ido ɗaya ta duba, ta rufe ɗayan ta duba. Ta sake ƙara wa baƙaƙen girma.

Ta yi ta ja masa rai, yau gobe, sai da safen taron ta kai masa a zauren. Ya sa wa mai kula da na'urar haskawa tabarau, aka gwada na farko da na biyu, mutumin ya ce kai, wannan kamar ka taka. Auta ya rungume ta a gaban mutane ya ce wannan ce Yayarsa da ta rene shi. Bai ƙara komai a kai ba.

Zauren ya cika. An ja labule an rufe hasken rana, fankoki na juyawa, an raba wa kowa tabarau daga kwali. Mai makarantar na layin gaba da manyan baƙi, matar Auta na bayansu cikin sabon ɗinki. Yaya ta zauna a tsakiya, tsakanin wani tsoho da wata mai goyo. Auta ya hau dandamali da tabarau a fuska, don ya ce jagora ba ya barin ayari ya shiga wata duniya shi kaɗai.

Hoton farko ya fito, zauren ya ɗauki wani dogon numfashi. Tsohon da ke gefenta ya miƙa hannu gaba yana lalube, mai goyon ta manta da ɗanta ta ce ikon Allah. Yaya ta ji daɗi ya ratsa ta duk da abin da ke ranta. Wannan ne Dogo ya so, mutane da yawa su gani. Auta kuma ya saki baki, yana kai su yana kawo su, a yi dariya, a yi shiru, a tafa. Ba ta taɓa musun ya iya ba.

Sai shafaffen hoton ya zo. Auta ya ja da baya kamar mai tsoron faɗawa, ya ce kowa ya riƙe kujerarsa, wannan kwarin shi ya fi duka zurfi, shi kansa duk lokacin da ya duba sai jiri ya ɗebe shi. Mutane suka duba. Wasu suka cire tabarau suka goge da bakin riga, suka mayar. Tsohon ya raɗa mata cewa nasa ya lalace, ko za ta ara masa nata. Ta ara masa. Ya duba ya dawo mata da shi yana girgiza kai.

Na gaba ya fi muni. Auta na cewa ga tudu ya taso kamar zai zo cinyarka, jama'a na ganin sarari ya danno gaba, duwatsu sun lotsa ciki, ido na ja kamar za a cire shi. Gunaguni ya tashi. Wata mata ta ce kanta ya fara ciwo. Auta ya ji hayaniyar, ya ɗauka mamaki ne, ya ƙara murya. Mai makarantar ya juya ya kalli na kusa da shi.

Sai Tudun Yaya ya fito. Rubutun na rawa a kan sararin, layi biyu, kowa na gani:

Wannan aikin marigayi Dogo ne da matarsa.
Mai yi muku bayani bai taɓa ganin zurfinsa ba, ido ɗaya gare shi.

Auta ya juya ya kalli allon, ya ga tudu da farin sarari, ya juyo da murmushi ya fara ba da labarin yadda ya sa wa wurin sunan mai makarantarsu don girmamawa. Wani a baya ya tuntsire da dariya, wasu suka kama. Wani mai ƙatuwar murya ya karanta layin farko da ƙarfi, ya karanta na biyu. Auta ya tsaya da magana a baki. Ya ɗaga hannu a hankali ya zare tabarau, ya sake juyawa. Yanzu ya gani, shuɗi-shuɗi, kowane harafi ya kai tsawon hannu.

Ya nemo ta da ido cikin jama'a. Ba ta ɓuya ba. Ta cire nata tabarau don ya gan ta da kyau, ta ɗora hannuwa a cinya, ta dube shi kamar yadda ta dube shi a falonsa. Ya ajiye makirufo a ƙasa ya fita ta ƙofar gefe. Matarsa ta zauna kamar an dasa ta, sai daga baya ta tattara mayafi ta bi shi.

Yaya ta koma gida a ƙafa, ta dafa abinci ta ci har da ƙari. Rabonta da jin ɗanɗanon abu a bakinta tun Dogo na raye.

Shugabancin cibiyar wani aka ba. Auta ya ƙarasa zangon karatun da ƙyar, don yara sun samu abin yi, in ya shigo aji sai su rufe ido ɗaya. Mama ta aiko a kira Yaya, ta ƙi ba ta wurin zama. Ta ce satar suna laifi ne, ba ta musa ba, amma idon fa? Ciwon da suka rufe tun yana goye, ita da ta san kukan da ya sha a kansa, ita ce za ta rubuta shi a bango? Yaya ta ce ai ta kawo ƙara tun abin bai yi girma ba, aka ce ta bar shi. Mama ta ce ta fita ta ba ta wuri.

Shi da kansa ya zo asibiti ya kawo ma'ajiyar. Ya same ta tsakanin mara lafiya da mara lafiya, ya ajiye a kan tebur kusa da rigar dalma da ake sawa don kariya daga hasken na'ura. Ya rame. Ya ce ba rigima ta kawo shi ba, abu ɗaya yake so ta sani. Dogo ya gane tun zuwansa na farko, daga yadda yake karkata kai. Bai taɓa tona shi ba. In Yaya ta shiga kicin, sai ya matso ya riƙa gaya masa a hankali, wannan dutsen ne a gaba, wancan a baya, nan akwai gangare, don in ta dawo ya samu abin cewa. Duk bayanin da aka ji yana yi a talabijin daga bakin Dogo ya haddace shi.

"Shi bai yi mini haka ba, Yaya."

Abin ya soke ta, don ba ta sani ba. Ta ga Dogo ya sunkuyo da dogon wuyansa yana raɗa, yana leƙen ƙofar kicin. Sannan ta dube shi ta ce:

"Mutumin da ya rufa maka asiri haka, shi ka goge wa suna? Da na san wannan, da ban jira ka zo neman taimako ba."

Ta ce akwai masu jira a waje. Ya fita.

Shugabar ɗakin karatun, wadda ta ga komai ranar, ta nemo ta daga baya ta roƙe ta ta riƙa zuwa tana nuna hotunan. Yaya ba ta iya jawabi ba, takan ce ga dutse, ga rami, ku duba da kanku. Mutane ba su cika zauren kamar ranar Auta ba, amma waɗanda ke zuwa suna dawowa, wasu har sun koyi haɗawa suna kawo mata nasu ta gyara musu.

Auta ya samu aiki a wani gari ya kwashe iyalinsa. In zai zo gaida Mama sai an tabbatar Yaya na wurin aiki. Da matarsa ta haihu, a bakin wata ƙanwarsu ta ji. Dangi sun rabu biyu a kan maganar, wasu na cewa ya tsokano, wasu na cewa ta wuce gona da iri, ita ba ta tanka wa kowa. A ranta ta san da za a sake, layin farko za ta bari ta cire na biyu, don na farkon ya isa. Amma ba ta taɓa faɗa wa kowa haka ba, ba ta je ba shi haƙuri ba, shi ma bai zo ba.